Askin Lemun Tsamin Surukata

Surukata, matar ɗana, ta same ni a barandar gidansu da ke unguwar Taman Melati ina datse rassan ɗan lemun tsaminta.

"Baba, kashe shi za ka yi?"

Na ce, "'Yata, a aji uku na tsaya, amma a nan farfesa ne ni."

Ƙamshin ɗanyen reshe ya tuno min da kawuna mai lambu. Kafin ya yanke reshen tsakiya, sai ya ba bishiya haƙuri ya ce, "A buɗe wa rana ƙofa," sannan ya shafe wurin da laka mai sanyi. Ranar da ya yi wa mangwarona haka, kuka na yi. Shekarar da mangwaron ya yi 'ya'ya, Kawu ya riga ya kwanta dama.

Na shafa wa lemun laka a inda na datse. Ta nuna wani reshe, "Wannan ma, Baba?"

Allah Ya buɗe wa Kawu ƙofa, haske ya cika kabarinsa.