Kwalbar da ke Ƙarƙashin Kujera

Mahaifina hatsi ya sayar duk tsawon rayuwarsa. A Kurfi gidanmu yake, amma rumfarsa tana kasuwar Dutsin-Ma, kuma kowa a layin 'yan hatsi ya san shi da abu guda: na ciki. Buhunan gero da dawa suna jere a bakin rumfa, baki buɗe, mai saye ya damƙa ya duba. Idan mutum ya tsaya yana juya tsaba a tafin hannu yana taɓe baki, Baba ba ya ɓata yawunsa wajen yabon kaya. Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce, "Alhaji, wanga ba naka ba ne. Taho ka ga na ciki." Ya shige da shi bayan labule, ya kwance wani buhu da aka ɗaure tamau da igiya. Gero ɗaya ne, gona ɗaya, mota ɗaya ta sauke su. Amma mutumin zai fito yana washe baki, ya biya sama da kuɗin na waje, har da godiya.

Bayan na fara koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, na taɓa ce masa wannan ai yaudara ce. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Wace ƙarya na yi, Malam? Na ce na ciki ne, kuma ciki yake."

Tun da na kama alli yake kirana Malam, kuma ba don girmamawa ba. Ya ƙara da cewa mutum ba gero kaɗai yake zuwa saye ba, so yake a nuna masa shi daban ne. Da ribar na cikin nan dai aka biya mini makaranta.

Ciwon suga ya kama shi bayan furfura ta gama cin gemunsa. Wata rana ƙusa ta soke shi a tafin ƙafar hagu, bai ma ji ba, sai Inna, mahaifiyata, ce ta ga jini a takalminsa. Ciwon ya ƙi warkewa. Na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka wanke, aka naɗe, aka ba shi ƙwayoyi, likita ya ce ya riƙa zuwa wanki, kuma kada ya yi wasa da magani idan yana son ƙafarsa. Maganar a fili aka faɗe ta, a gabana.

Baba bai taɓa yarda da ƙwayoyin nan ba. Ƙanana ne farare, ba tsada, ba ɗaci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ga tsohon da ke share layin 'yan hatsi riƙe da irin su sak. "Kowa da kowa abu guda," in ji shi. "Araha ba ta ado, Malam." Duk da haka yana sha, don Inna ba ta miƙa masa koko da safe sai ya haɗiye. Bakin ciwon ya fara tsukewa, a hankali dai, irin tafiyar da ba ta burge ɗan kasuwa.

Ranar wata kasuwa muna dawowa daga wankin ciwo, muka tarar da taro a bakin tasha. Wata tsohuwar mota ce da lasifika a kanta, an jera kwalabe a kan bonet, wani mutum mai farar riga ƙal yana lissafa cututtuka kamar mai kiran sunan 'yan aji. Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na ɗauka kallo zai yi, don yana son ganin yadda wasu ke ciniki. Ya ɗingisa ya kutsa, ya ɗauki kwalba ɗaya, ya jijjiga, ya taɓe baki. Mutumin ya dubi naɗin ƙafar, ya dubi babbar rigar Baba, ya ajiye makirufo.

Ya waiga hagu da dama. Wallahi har yau ina ganin waiwayen nan.

"Alhaji, ajiye wannan, na gama-gari ne. Zagayo nan."

Ya buɗe ƙofar mota, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya zaro wata baƙar kwalba naɗe da tsumma. Ya ce wani babban mutum aka haɗa wa, bai zo ya karɓa ba, kuma shi ma bai tabbata zai rabu da ita ba. Baba ya taya, mutumin ya ce albarka. Baba ya ƙara, mutumin ya sake cewa albarka, har ya yi kamar zai mayar da ita. Ina tsaye ina kallon mahaifina, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa mutane wannan wasa, yana roƙo a sayar masa.

Na ja shi gefe na ce, "Baba, na ciki ne fa. Naka ne, irin wanda kake yi a rumfa."

Ya fizge hannunsa. "Ni za ka koya ma kasuwa? Na san mai ƙarya tun daga tafiyarsa. Wanga bai so ya sayar ba, ba ka gani ba?"

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ya sayi kwalbar da kuɗin da ban so in tuna ba, da sharaɗin kada a haɗa ta da maganin asibiti, wai ba sa shiri. A hanyar Kurfi yana rungume da ita a cikin riga, kuma rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ƙusar nan. Wannan ne ya sa na ƙyale shi.

Ya daina ƙwayoyi, ya daina zuwa wanki. Yana sha safe da yamma, yana ɗiga wa ciwon. Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo masa limamin unguwarmu, duk a banza. Idan na ce a kwance naɗin in gani, sai ya ce ai magani mai ƙarfi sai ya fara tono ciwo kafin ya kashe shi. Inna ce ta kira ni a waya daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce in zo, turaren wuta ya daina rufe warin ɗakin. Da na kwance tsumman, yatsun sun yi baƙi kamar gawayi.

A Katsina aka yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa. Na koma tashar nan ranar kasuwa da niyyar da ba zan rubuta ba, na tarar da mai lemo a wurin. Wani ɗan acaɓa ya ce motar ta daɗe da barin zuwa. Na ji haushin mutumin, na ji haushin Baba, kuma har yau ban san wanda na fi jin haushinsa ba.

Da aka sallamo shi, nakan je Kurfi ƙarshen mako in fito da shi zaure ya sha iska. Rumfar ta koma hannun ƙanensa. Wata la'asar muna zaune, sandunansa jingine da bango, ya daɗe yana kallon inda wandonsa ya nannaɗe babu komai a ciki. Sai ya ce, "Malam, na yi kuskure."

Na gyara zama, na ce a raina ko ba komai yau za mu yi maganar gaskiya.

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Gaggawa na yi. Da ya sa hannu ƙarƙashin kujerar nan, na ji ƙarar wata kwalba. Akwai wadda bai hiddo ba."