Mai Ɗingishi da Yayana Ishaku

Wata Asabar ce cikin watan Agusta, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke da hantsi, duwatsun bayan unguwarmu a Zuru sun jiƙe sharkaf suna ƙyalli, sai ga wutar lantarki an kawo bayan an daɗe babu ita. Babanmu saje ne a soja, bai jima da dawowa hutu ba daga aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, kuma ya zo mana da akwatin bidiyo da kaset uku marasa kwali, waɗanda mai sayarwa ya ce masa fim ɗin 'yan dambe ne. Mama ta tafi coci koyon waƙar zumuntar mata. Yayana Ishaku, wanda ya girme ni da shekara biyar, ya rataya bargo a taga don ɗakin ya yi duhu, kafin a ce haka yaran unguwa sun cika tabarma har bakin ƙofa, takalmansu sun taru a waje kamar ana zaman makoki. Kulu, 'yar maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, ta matse kusa da ni tana cin ɗanyar gyaɗa. Babu ɗan dambe ko ɗaya a cikin fim ɗin. Wasu matasan Turawa ne suka je hutu wani gidan gona a bakin daji, sai ga wani dogon mutum ya fito daga cikin masara, fuskarsa naɗe da tsumma, yana jan ƙafarsa ta hagu, riƙe da lauje. Lokacin da laujen ya sauka a kan na farkonsu, ɗakin ya kaure da ihu, Kulu ta watsa min gyaɗa a jiki, wani ƙaramin yaro ya saki fitsari a tabarma. Baba, da yake tsaye a bayanmu, ya kalli talabijin ɗin na ɗan lokaci, ya ce a hankali, "Jinin gaske ba haka yake ba." Daga nan ya fita ya zauna a gindin mangwaron tsakar gida, bai sake shigowa ba.

Ba mu san sunan fim ɗin ba, ba mu kuma damu da sani ba. Mun laƙaba wa mutumin suna Mai Ɗingishi. Da Mama ta dawo ta ji abin da aka kalla a ɗakinta, faɗan da ta yi har maƙwabta sun ji, ta kwashe kaset ɗin ta cusa su cikin rumbun dawa. Bayan Baba ya koma bakin aikinsa, Ishaku bai yi wata wahala ba wajen gano su, domin shi ake aika ɗebo hatsi. Tun daga nan, duk ranar kasuwa da Mama ta ɗauki kwandonta ta fita, idan Allah ya sa da wuta, sai mu gaggauta surfe da wanke-wanke, mu cika randa, mu ba awaki ganye, sannan a rataya bargo. Turancinmu a lokacin bai wuce na gaisuwa da malami ba, na Ishaku ma ba wani mai nisa ba ne, amma shi ya naɗa kansa tafinta. Yakan tsaya a gefen talabijin da hannu a ƙugu yana fassara mana da Hausa, in abin ya yi daɗi ya zarce da yarenmu na C'lela. In wani Bature mai ƙiba ya buɗe baki, sai Ishaku ya ce wai yana tambayar inda ake sayar da burukutu. In wata budurwa ta yi kuka, ya ce wai tuwonta ne ya ƙone, tana tsoron uwar mijinta. Mukan yi dariya har da hawaye, dariyar ba ta gama fita ba kiɗan nan mai sanyi zai fara, mu ƙanƙame juna. Kulu takan manta da cewa hoto ne, ta miƙe tana yi wa 'yar fim ihu da Kabancin gidansu: "Ke, ruga! Shina bayanki! Mi kika tsaya nema?"

Mai Ɗingishi ya fita daga cikin talabijin ya bi mu ko'ina. A filin makaranta muka daina langa da 'yar gala-gala, muka ƙirƙiro wasansa: mutum ɗaya ya naɗe fuska da ɗankwali, ya riƙe karan dawa, sauran su watse su ɓuya a bayan azuzuwa da cikin duwatsu. Doka ɗaya ce, mai kamu ba ya gudu, sai dai ya ja ƙafa. In Ishaku ne ya ɗaura ɗankwalin, babu mai tsira, don ya san wanda zai ɓuya a bayan bayi da wanda zai hau bishiyar dalbejiya, yana tafe a hankali yana jan ƙafa cikin tsakuwa har ka ji zuciyarka za ta fito. Da hutun damina kuma ana kai mu gonar kakarmu a Manga, mu yi maimai, mu kori tsuntsaye da birai. A nan ne tsoron ya fi yin nauyi, domin dawa ta fi ƙarfin tsayina, iska na kaɗa ganyenta yana shuu, ga laujen kaka rataye a bukka, irin na Mai Ɗingishi sak. Wata rana aka aike ni rafi ɗebo ruwa ni kaɗai, na ji motsi a cikin ciyawa, na yar da tulun na zura da gudu har zanina ya kwance. Tunkiya ce. Ishaku bai yi min dariya a gaban mutane ba. Ya ɗauki wani tulun ya raka ni, a hanya yake ce min, "Saratu, ba ki lura ba? Wanda ya ware shi kaɗai, shi yake samu. In kuna tare, ba ya iya komai." Na riƙe gefen rigarsa har muka dawo.

Haka muka girma tare da wannan fim. Duk bayan 'yan shekaru sai labari ya zo daga shagon hayar kaset na bakin kasuwa cewa an fitar da sabon kashi, Ishaku ya hau keken Baba ya je ya karɓo. Kaset ya wuce, faifan sidi ya zo, aka daina kallo a ɓoye don Mama ta gaji da hanawa, amma masu zama a tabarmar suna ta raguwa. Wasu sun tafi makarantar kwana, wasu sun bi iyayensu bariki a wasu garuruwa. Kulu ta gama sakandare ta auri wani malamin asibiti suka koma Birnin Kebbi. Baba ya yi ritaya, ya zama mutum mai yawan shiru, ya yi 'yan shekaru yana noman gyaɗa kafin ciwon hawan jini ya ɗauke shi. Shi kuwa Ishaku, kamar yawancin samarin unguwarmu, kakin soja ya sa a ransa tun yana yaro. Ranar da zai tafi horo, na raka shi tasha ina ɗauke da jakarsa, na ce masa cikin wasa, amma da gaske nake, "Yaya, ba kai ka ce kada a ware ba?" Ya yi dariya ya dungure min kai, ya ce, "Wancan fim ne, yarinya. Ki kula da Mama."

Ya yi shekaru yana aiki a Arewa maso Gabas. Waya takan yi wuya a inda suke, amma duk lokacin da ya samu layi, bayan ya gaisa da Mama, sai ya ce a ba ni, mu yi ta shirme. Wata rana ya kira yana cewa ya ji an fitar da wani sabon kashi na Mai Ɗingishi, kada in kuskura in kalla sai ya zo. Na jira kuwa. Da ya zo hutu bayan girbi, ya rame, ya yi baƙi, amma dariyarsa tana nan. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na sa mana faifan, mu biyu kawai a ɗaki. Ya fara fassararsa kamar da, ko da yake a lokacin ni malamar makaranta ce, ina jin duk abin da ake faɗa. Na bar shi ya yi ta ƙaryarsa ina dariya. Sai aka zo wani wuri inda wani saurayi ya faɗi a cikin gona yana kiran abokinsa da ya ja shi, abokin kuma ya tsaya yana waige. Muryar Ishaku ta tsaya. Na juyo na ga gumi a goshinsa. Ya miƙe ya fita. Na kashe talabijin na bi shi, na same shi a gindin mangwaro, a kan kututturen da Baba yake zama. Na ɗauko kwaryar gyaɗa na zauna kusa da shi muna ɓarewa. Can sai ya ce, "Mu ƙarasa wani zuwan." Na ce to.

Bai sake zuwa ba. Da damina ta kama, wasu sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gidanmu da rana tsaka, Mama na shanya kuɓewa. Tana ganin sun cire hula ta zauna a ƙasa. A can aka binne shi, abin da ya iso mana jakarsa ce kawai.

Na yi shekaru ban sake waiwayar Mai Ɗingishi ba, faifan ma ban san inda ya shiga ba. Ina nan a gidanmu ni da Mama, ina koyarwa a wata firamare, ina dawowa in dafa mana abinci, mu ci, ta saurari rediyo, in duba aikin yara. Sai bara, ina latsa waya a makaranta lokacin hutun tara, na ci karo da tallar wani sabon kashi, wai ya dawo bayan dogon lokaci. Tsumman fuskar nan, ƙafar nan da ake ja. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na nemo lambar Kulu. "Kulu, kin san sun sake fitar da shi?" Ta ce, "Wa ke nan?" Na ce Mai Ɗingishi. Ta fashe da dariya, ta ce wallahi har yau ba ta son ganin lauje a rataye. Muna cikin haka yaro ya fara kuka a kusa da ita, ta ce za ta kira ni in ta sallami yara. Ban ga laifinta ba da ba ta kira ba, mai 'ya'ya biyar ce, kuma abin da ya haɗa mu ya yi nisa.

Sai na yanke shawarar in bi su duka daga na farko, ɗaya-ɗaya, duk Lahadi da yamma, a wayata. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Yanzu ina ganin inda robar da aka manna wa 'yan wasan ta ƙare fatar mutum ta fara, ina ganin jinin ya yi ja da yawa kamar manja. Abin da ya fi damuna shi ne maganarsu. Baturen nan mai ƙiba ashe mota yake cewa ta lalace, budurwar kuma saurayinta take nema. Babu burukutu, babu tuwo, babu uwar miji. Hirarsu lami ce, ba gishiri, duk abin da ya sa muka so fim ɗin ashe daga bakin yayana yake fitowa. Duk da haka ban fasa ba. Da na iso wanda ni da Ishaku muka bari a tsakiya, na daɗe da yatsana a kan waya, sannan na ƙarasa shi ni kaɗai. Abokin ya koma ya ja saurayin, sun tsira su biyu. Na kifa wayar a cinya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo jakar.

Ranar da nake kallon sabon, Mama ta fito daga ɗaki da sandarta, ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Idonta ya yi rauni, sai da ta kawo fuskarta dab da wayar. Ta daɗe tana kallo, ita da ta taɓa ɓoye kaset a rumbu, sannan ta ce, "Wannan ba shi ne mutumin ku na da ba? Har yanzu bai mutu ba?" Na ce, "Sun sha kashe shi, Mama. An ƙone shi, an nutsar da shi a ruwa, amma kullum sai ya dawo." Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, "To, uwarsa ta yi sa'a." Ba ta tashi ba, ta zauna tare da ni har aka gama.

A da, tsoro abu ne da muke gayyato shi da kanmu, mu tara yaran unguwa, mu raba shi a tsakaninmu kowa ya ɗauki ɗan kaɗan, in an ɗage bargo rana ta shigo sai ya watse. Yanzu ba ya jiran gayyata. Yana zuwa a bakin masu babur da suka fito daga hanyar Wasagu ko Kanya da labarin 'yan bindiga, yana cikin gonakin da aka bari ciyawa ta cinye, yana cikin ƙarar waya in ta yi ringi a lokacin da ba a saba ba. Yaran ajina ma suna kallon irin waɗannan fina-finan, amma kowa a wayar yayansa, shi kaɗai, da abin ji toshe a kunne, babu mai ƙanƙame wani. Wani lokaci in an kawo wuta da rana ina gida, nakan tsaya a ƙofar ɗakin nan in dubi inda tabarmar take, in yi mamakin yadda wuri ƙarami haka ya taɓa ɗaukar mu duka. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi kewar jin tsoro ba.