Kaset ɗin Kawu Lawali a Gonar Gero

Wata Laraba a daminar shekarar 2000, gero ya fara nuna, Kawu Lawali ya iso gonarmu ta Moriki a kan babur, ya tsaya yana kallon zaren kaset da na ɗaura daga kara zuwa kara yana walƙiya a rana. 

Kawu, ƙanen Innata, mai gyaran bidiyo ne a Ƙaura, kuma yana da cutar tara finafinan da ba mai kallo. Ba waƙa, ba faɗa, wani ko magana babu. Har kasuwar Shinkafi yake bin fataken Nijar yana tone buhunansu. Wanda ya fi ji da shi, wani amininsa mai hoto ne ya ɗauka da kyamarar biki kafin ya rasu: layin dogo, inuwar mace tana daka, idon jaki, shi ke nan. Kwafi uku aka yi, biyu an ɗora bukukuwa a kansu. Daga Gusau wasu ke zuwa su zauna a shagonsa su kalla, mu yara muna leƙe muna dariya.

Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, hankalin Kawu ya tashi, ya kawo buhun finafinansa ya ɓoye a rumbunmu. Ni kuwa an ɗora mini korar tsuntsaye, tun hantsi ina kaɗa gwangwani, raina na wurin langa. Na ga maƙwabta na shinge gona da zaren kaset, sai na buɗe buhun. Har adalci na yi a ganina: na bar masu kwali mai hoto, na zaɓi wanda ko suna babu.

Kawu bai doke ni ba, kuma da dukan ya fi mini sauƙi. Ya bi kunya-kunya yana naɗe zaren a yatsa, rana ta riga ta ƙone shi. "Ɗana, wanga ɗai ya rage," ya ce, "aminin nan nawa, muryatai ma tana ciki, can ƙarshe."

Yau komai na cikin waya, ba abin da ke ɓata. Ni ma na zama mai tone buhunan tsoffin kaset, ina tambaya daga Zurmi har Maraɗi, har yanzu ban huta ba. Fim ɗin da na yi wa dariya, tsuntsaye ne na ƙarshe da suka kalle shi.