Sule Biyu da Sisi na Baba Iro

Baba Iro ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a wani shago a kasuwar Shahe da ke Guangzhou ina jayayya da mai shagon a kan kalar riguna. Wayata ta yi ƙara, na ga Mumuni ne, ɗan Kumasin da yake yi mana lodin kwantena. Na ɗauka a fusace, na zaci maganar kaya ce. Sai na ji ya ce, "Nura, saurara tukuna. Baba Iro ya tafi. Bayan asuba ya ce ƙirjinshi, kafin mu kai asibiti shi ke nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san lokacin da na zauna a kan dilar kaya ba. Matar da muke faɗa da ita ta kawo mini ruwan zafi a kofin takarda.

Hannuna ya tafi aljihu da kansa. Tsohon sulen Baba yana nan. Yau kwana tara da ya ba ni shi, kuma ban kai shi inda ya aike ni ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Iro ɗan Fagge ne, shekararsa goma sha takwas a Guangzhou yana raka 'yan kasuwa yana yi musu tafinta. Ranar da na sauka garin nan shi ya tare ni. Ya dubi takalmina mai tsini ya ce, "Da wannan za ka zaga kasuwar Shisanhang? Allah ya jiƙan ƙafarka." Washegari ya zo mini da kambas. Shi ya nuna mini inda ake cin halal, shi ya koya mini cewa in mai shago ya ce meyo, wato babu, kada in tafi, in zauna in sha shayi, yawanci akwai.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana huɗu yana zuwa da kunun gyaɗa a fulas. Har yau ban san inda ya samo tsamiya a garin nan ba.

Amma abin da kowa ya san shi da shi sulalla ne. Yana da wani gwangwanin biskit cike da tsofaffin kuɗi, kwabo mai huji, sisi, sule, na Ghana, na Nijar, na China. Kuma ba kowanne yake so ba. Ya fi son wanda aka sake buga wa wani hatimi a kan fuskarsa ta asali, ka ga hoto kan hoto. Ni kuwa ba na raga masa. Nakan ce, "Baba, kowa ya zo China neman kuɗi mai rai, kai ka zo tara waɗanda ko mai rake ba zai karɓa ba."

Sai ya ɗaga ɗaya ya kara a hasken taga ya ce, "Duba nan, sarkin surutu. Wannan ya bar gida, ya je wani wuri, wurin ya bar masa alama. Kai ma haka kake, ba ka dai duba madubi ne."

A wani lungu a unguwar Liwan akwai wani dattijo mai sayar da tsofaffin tarkace, muna ce masa Tsoho Lam. Da can ma'aikaci ne a inda ake buga lambobin tunawa, irin na ƙarfe da ake rabawa in wani abu ya cika shekaru. Da aka rufe wurin sai ya tsira da wasu hatiman ƙarfe da wani ɗan inji da ake murɗawa da hannu. Ɗaya daga cikin hatiman hoton jirgin ruwa ne a kan kogi. Shi Baba ya ƙyalla ido ya gani, daga nan abota ta ƙullu. Su biyun sai su yi awa biyu suna shan shayi, rabin hirar da Sinanci, rabi da hannu.

Daga nan ya ƙirƙiro mana wata al'ada. Duk wanda ya tattara zai koma gida gaba ɗaya, Baba zai zaɓo masa tsohon kuɗin ƙasarsu daga gwangwanin, mu ɗunguma zuwa wurin Tsoho Lam, a buga masa jirgin nan a kai. Doka ɗaya ce. In mai tafiya ya kai hannu kan injin sai Baba ya buge hannun ya ce, "Cire. Kai tafiya za ka yi. Wanda zai zauna shi yake bugawa." Kuma kullum shi ne mai zaman, don haka kullum shi yake murɗawa.

Na sha ganin ƙato da gemu ya karɓi nasa yana dariya, yana fita daga lungun ya juya mana baya yana share ido.

Shi ma yana da nasa. Sule biyu da sisi ne, wato kwabo ashirin da biyar ɗin nan mai hoton dalar gyaɗa. Ya ce mahaifinsa ɗan dako ne a wurin dalar, da kansa ya ɗauki buhunan da ke jikin hoton. Duk ranar da muka je sai ya fito da shi ya ajiye a teburin Tsoho Lam, a gama buga na wani, ya ɗauke abinsa ya mayar aljihu ya ce, "Sai baɗi."

Baɗin nan na ji shi ya fi sau goma.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidan taliyar Musulmin nan ne na kusa da masaukinsa, bayan la'asar. Bai ci da yawa ba. Ya miƙo mini waya, hoton wata jaririya, jikarsa ta wajen 'yarsa Hauwa'u. Sai ya matsa gaba ya nuna mini tikiti. Na ce, "Baba, na zuwa da dawowa ne ko?"

Ya ce, "Na zuwa ne kawai. Na gaji, Nura. Ina so in ji kiran salla ina kwance a ɗakina, ba a waya ba."

Ya zaro sulen ya sa mini a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya ce, "Kai za ka buga mini, tunda kai ne mai zama. Gwiwata ba ta son matakalar jirgin ƙasa yanzu. Ka je ka kawo mini jirgina."

Na ce, "Gobe-goben nan, Baba."

Sau uku yana kirana. "Sarkin surutu, ina jirgina?" Na ce ina garin Xintang wajen sarin jins. Na ce kwastoma ya riƙe ni. Na ce ruwa ake yi.

Yau zan faɗi gaskiya tunda ba ya nan balle in ji kunyarsa. Sau biyu ina zuwa har bakin lungun Tsoho Lam in juya. Ba aiki ne ya hana ni ba. Ba na so ya tafi ne. Wata wauta ta shiga kaina, wai in ban buga ba zai ɗaga tafiyar, ya sake cewa sai baɗi. Mutum ya yi shekara goma sha takwas yana sallamar mutane, abu ɗaya ya roƙa a yi masa, ni kuma na zauna a kai don son kaina.

Da na fito daga asibiti ɗazu, na bar su Mumuni da maganar takardu, kai tsaye na wuce Liwan.

Ina ajiye sulen a tebur Tsoho Lam ya gane shi. Ya washe baki ya ce, "Iro lawban!" wato maigida Iro, ya yi alamar jirgin sama da hannu. Na girgiza kai. Sinancina bai kai nan ba, sai na rubuta a waya ta fassara masa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya zuba shayi ya ajiye a gaban kujerar da Baba yake zama. Sannan ya saita sulen a ƙarƙashin hatimin, ya ja da baya, ya nuna mini hannun injin.

Na murɗa.

Jirgin ya fito a ɗan karkace, hancinsa ya hau kan dalar gyaɗar. Na san abin da zai ce da ya gani. "Nura, ko wannan ma sai da ka karkata shi."

Wallahi ina kewar mutumin nan, tun ba a kai shi makwancinsa ba.

A nan za a rufe shi, iyalinsa sun amince. Na yi magana da Hauwa'u, ta ce tun wancan satin suka yi wa ɗakinsa fenti, har sun sa sabon labule. Ta tambaye ni ko ya bar wani saƙo. Na ce ya bari, yana hannuna. Ba zan sa sulen a kwantena ba, ba kuma zan ba wani ba. Da ƙafata zan kai shi Fagge in sa a hannunta, in gaya mata babanta ya riga ya shirya, ni ne na makara.

Ya Allah ka jiƙan Baba Iro, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ya zauna baƙo. Ka sa ya sauka a gidan da ya fi wanda ya yi ta ɗoki, ka ba Hauwa'u da sauran iyalinsa haƙuri.

Ku da kuke karantawa, don Allah ku sa shi a addu'a ko ba ku san shi ba. Ku kuma da ya taɓa buga wa jirgi, na Kano da Maradi da Kumasi da duk inda kuka koma, ku ɗauko shi yau ku riƙe a hannu ku yi masa Fatiha. Shi ya sallame ku ɗaya bayan ɗaya.

In kun gama, ku roƙa mini ni ma gafarar kwana taran nan.