Abin da Aku Ya Ce

"Ƙarfe huɗu na yamma ne, an idar da La'asar ke nan." Da haka Kaka Mairo, mahaifiyar babana, take buɗe wannan tatsuniyar. Sauran tatsuniyoyinta babu agogo a cikinsu. Wannan kaɗai ce mai lokaci, kuma tun ina ƙarama abin ya tsaya mini a rai, don ni yarinya ce mai lura da irin waɗannan abubuwa ba tare da na tambaya ba.

A gidanmu na Kambarawa akwai risho, daga baya ma aka sayi gas, amma Kaka ba ta yarda da su ba. Murhunta na duwatsu uku yana nan a gefen tsakar gida. Bayan Magariba, in an sauke tuwo, sai ta bar garwashin, ta ɗora kasko ta zuba gyaɗa, mu kuma mu jawo tabarma. Tana juya gyaɗar tana magana, ba ta kallonmu. Ni takan kira ni Mai Shiru. "Matso nan, Mai Shiru, ke ce ba ki mantuwa."

Ga yadda tatsuniyar take. Akwai wani tsibiri a tsakiyar ruwan gishiri, mai gonakin koko har bakin dutse. Masu gonakin fararen tsuntsaye ne daga nesa. Ran nan suka tattara suka tafi, tsuntsayen tsibiri suka kwana suna kiɗa. Shaho ya hau gado. Shi kuwa Shaho babu abin da yake tsoro kamar tsuntsun da ya san abin da shi bai sani ba, sai ya sa aka riƙa ɗauke masu karatu. Da tsuntsaye suka fara gudu, ya sa aka farfasa kwale-kwale. A wani layi na baƙi akwai Kurciya, tela ne, ba ruwansa da kowa. Maƙwabcinsa Aku ne, mai jin yaren shahuna, wanda yake rubuta wa baƙi wasiƙa. Da ƙarfe huɗu dogaran Shaho suka shigo layin, suka tsayar da Aku. Suka yi magana, Aku ya yi magana. Matar Kurciya tana bayan labule, ba ta ji komai a yaren ba sai kalma ɗaya da ta fito sau biyu: Malam. Sai Aku ya ɗaga fiffike ya nuna shagon Kurciya. Aka fito da Kurciya, zare na rataye a wuyansa, ba a ƙara ganinsa ba.

A nan take tsayawa. Ba ta rufewa yadda ake rufe tatsuniya. Sai ta kwashe gyaɗar ta ce, "Wanda ya san mi Aku ya ce, shi zo shi hwaɗa mani."

Yayana Nura yakan ce, "Kaka, cewa ya yi a ba shi gyaɗa." Ta kai masa ludayi, mu yi dariya. Amma ita dariyarta ba ta wuce haƙora.

Akwai wata doka a gidanmu da baƙi suke mamaki: ba a ce wa kowa Malam a gaban Kaka. Mai koya mana karatu a Islamiyya, mai allo take kiransa. Ranar da wani mai gyaran wuta ya yi sallama ya ce, "Malam na ciki?" yana nufin babana, ta fito da kanta ta ce, "Babu shi a gidan nan. An tahi da shi." Ban haɗa wannan da tatsuniyar ba sai daga baya.

Ƙawa ɗaya gare ni a lokacin, Bilkisu, 'yar ajinmu a Islamiyya, wadda direba yake kawowa daga GRA. Wata rana na ambaci sunan kakanta, Alhaji Isa. Kaka ta bar juya kasko. Ta tambaye ni ko shi ne wanda ya zauna ƙasashen waje, mai tabo a gira. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki gayyato mani ita. Ɗiyar mutane, ta ci gyaɗarmu."

Bilkisu ta zo ranar wata Alhamis. Ban taɓa ganin Kaka ta yi wa yaro irin wannan tarba ba: ta soya mata ƙwai, ta zaunar da ita a kan buzunta. Sannan ta ba da tatsuniyar, a hankali, tana kallonta a ido. A daren ne Aku ya sami tabo a gira. Da ta gama ta ce, "Kin riƙe, ko in sake?" Bilkisu ta ce ta riƙe. "To ki kai wa kakanki tsaraba. Tsohwahhi na son tatsuniya."

Bilkisu ba ta ƙara zuwa gidanmu ba. A makaranta ta ce mini kakanta ya saki kofin shayi ya fashe, ya kwana biyu bai fito ba, kuma an hana ta kula ni. Na dawo gida ina kuka na faɗa wa Kaka. Ta tambaye ni, "Kohin ya hwashe?" Na ce e. Ta ce, "Madalla," ta ƙara mini gyaɗa. Ba ta tsaya nan ba. Ta riƙa tara yaran layi tana ba su labarin, har ya zama wasa, ana zagaye yaro ana cewa, "Aku, Aku, mi ka ce?" Wasan ya kai Islamiyya, ya kai GRA. An ce Alhaji Isa ya canza masallaci.

Sai da na shiga jami'a, ina karanta tarihi, na ci karo da tsibirin a littafi. Fanya mutanenmu suke ce masa. Komai yana nan: gonakin koko, Turawan Sifaniya, shugaban da ya tsani masu ilimi bayan samun 'yancin kai, kwale-kwalen da aka farfasa, da jiragen ruwan da suka kwaso 'yan Nijeriya. A ɗaya daga cikinsu Kaka ta dawo da cikin babana, Isa kuma yana cikin jirgin. Kakana Sani tela ne, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Na zauna na yi lissafina, na kawo mata amsa ina jin na iya. Na ce lalle sojojin sun ji ana ce wa kakana Sani Malam, suka tambayi ma'anar kalmar, shi kuma Isa, maimakon ya ce a wurinmu kowane namiji Malam ne, sai ya ce mai ilimi.

Ta ce, "Ke ma hasashe kike, Mai Shiru. Daga bakinshi nike son ji."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar gargaɗi ce a kan harshe. Yanzu ina ganin makami ce. Mace ce da ba ta da kotun da za ta je, ba ta da kabarin da za ta nuna wa ɗanta, kuma ƙasar da ta cinye mijinta ba ta san da ita ba. Abin da take da shi murhu ne da yara, da su ta yi yaƙi. Ni ma ina cikin abin da ta kashe a yaƙin, don ban ƙara yin ƙawa kamar Bilkisu ba. Na yi fushi da ita a kan wannan, har yau ban gama hucewa ba. Amma ban taɓa iya cewa ba ta da gaskiya ba.

Bara, kafin azumi, Bilkisu ta zo ƙofar gidanmu da kanta. Kakanta yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana neman yafiyar Hajiya Mairo. Kaka ta ɗauki mayafinta ta ce in raka ta. Zan faɗa tun yanzu cewa ba ta yafe ba, kuma ta rasu bayansa da wata huɗu ba ta canza ba.

Muka same shi a ɗaki, ya rame, tabon yana nan. Ba ta gaishe shi ba, ba ta zauna ba.

Ya ce, "Mairo, ki yahe mani."

Ta ce, "Mi ka ce masu?"

Ya rufe ido. Sannan ya ce, "Ba ma'anar kalma suka tambaye ni ba. Cewa suka yi, wane ne Malam mai rubuta wa mutane takarda? Ni suka zo nema, Mairo. Mu biyu ake ce wa Malam a layin."