Jirin da Ya Kwance Mini Goyo

A shekarun da naira ta shigo aka bar fam, ina da ƙuruciyata, ina aure a wani ƙauye kusa da Gwiwa, da goyon 'yar farina. Maigidana yana Kano wurin aikin kwalta. Wata safiya na sunkuya zan gyara goyo, sai ɗakin ya juya da ni, na zube da yarinya a bayana. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Tun daga ranar, in na yi sujada ko na juya a gado, sai jiri ya taso, ya ɗan jima ya lafa.

Surukata ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Ta ce farfaɗiya ce, wai kuma ana ɗaukarta ta yawu da nono. Aka ware mini kwano da moɗa, aka yaye yarinyar lokaci bai yi ba, aka kai ta Ɓaɓura wurin yayar mijina. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa saboda kunya, balle in yi kuka a kanta a gaban mutane. Nono ya cika yana zuba, ina zaune ni kaɗai, maƙwabta su gaishe ni daga bakin ƙofa su wuce. Ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Sai da damina biyu ta wuce maigidana ya kai ni asibiti a Kano. Likita ya kwantar da ni da sauri, kaina a karkace, yana kallon idanuna. Ya ce ba farfaɗiya ba ce, kuma ba wanda zai ɗauka, matsala ce can cikin kunne, inda ke daidaita tsayuwar mutum. Ya koya mini in zauna a bakin gado, in kwanta ta dama, in tashi, in kwanta ta hagu, safe da yamma. Kafin wata ya ƙare jiri ya tafi.

Na tafi Ɓaɓura da sabon zanin goyo. Yarinyar ta ɓuya bayan gwaggonta, aka lallashe ta aka nuna ni aka ce ta gaida Yaya. Na dawo da zanin a naɗe.

'Yan'uwana mata, in jiri ya kama ku, ku je a duba kafin a raɗa wa ciwon suna a gida, kuma kada kunya ta rufe muku baki a kan ɗanku. Yau 'yata har da jikokinta, tana kuma kyautata mini. Amma har yanzu Yaya take ce mini.