Waldar Raisa

Ina zaune kan tsohuwar motar igwa da aka kafe a dandalin garinmu Chelyabinsk na ƙasar Rasha, ina murje sigari a jikinta, sai ga wata tsohuwa. Gajeruwa ce, idanu a ƙanƙance, hannuwanta duk tabon tartsatsi. Ina jin tana cikin matan da suka ƙera irin wannan motar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

"Matsa, ɗan nan," in ji ta.

Tana bin layin waldar da ke jikin motar da yatsa.

"Aikin Raisa ne, abokiyar aikina. Ka ga ya karkace? Yunwa ke sa hannunta rawa."

Yatsan ya iso kan tokar sigarina. Ko kallona ba ta yi ba, ta sa bakin ɗankwali tana gogewa. Na dunƙule guntun sigarin, yana ƙona ni, na kasa yarwa.